Takardun da Baba Ya Tsince

Wata Laraba ce da hantsi, saura mako biyu a kama azumi, a tsakiyar shekarun 1950, ina 'yar shekara tara, Baba ya riƙe hannuna muka tsallaka daga Fagge zuwa Sabon Gari. Rana har ta fara cin tafin ƙafa. Muka shiga wani ɗan shago mai warin tawada da kananzir, inda wani dattijo Bayarabe yake taka wani baƙin injin buga takardu da ƙafa, injin na buɗe baki yana rufewa, takardu na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Baba Mai Inji ake ce masa. Na saki baki ina kallo har sai da Babana ya dungure min kai.

Babana tela ne, kekensa ɗaya a zauren gidan da muke haya. Shekara biyu ke nan ɗinki ya ja baya. Teloli sun yi yawa a Fagge, samari kuma sun koma wajen masu yanka kwat da wando irin na ma'aikata, sai Baba ya wuni a zaure yana facin tsofaffin riguna. Ƙuli-ƙulin Inna ne ya riƙe gidan, ni ce kuma mai kai shi talla, bayan na ɗebo ruwa a famfo na share tsakar gida. Baba ya riga ya faɗa da bakinsa, ina ji, cewa in sallar bana ta wuce kamar ta bara, sayar da keken zai yi ya koma ɗinki a ƙarƙashin wani. Shi ya sa da ya ga kantunan Sabon Gari suna raba takardun talla, ya ce shi ma bari ya gwada.

Shafi guda cur ya cika da rubutu ya kawo, har da tarihin wanda ya koya masa ɗinki. Baba Mai Inji ya duba, ya girgiza kai, ya ɗauki fensir ya dinga sokewa. Ya ce mai wucewa ba ya tsayawa karatu, kallo ɗaya zai yi. A sa hoton keke babba a tsakiya, sunan tela da manyan baƙaƙe, sai layi ɗaya mai cewa ana ɗinkin salla a kan lokaci, a ƙasa kuma kwatance: Fagge, zauren da ke kallon famfo. Baba ya haɗiye duk wannan, ko da yake na ga ransa ya sosu. Abu ɗaya ne ya ƙi bari a taɓa, wato Bisimillar da ya rubuta da hannunsa a saman takardar, yana so a sassaƙa ta a buga.

Dattijon ya ajiye fensir ya ce, “Malam, ni ma Musulmi ne. Amma takardar talla ba wasiƙa ba ce, a ƙasa take ƙarewa.” Baba ya ce, “Ko zare ba na zura wa allura sai da ita, sai neman abincin iyalina ne zan fara babu ita?” Kai, Babana akwai taurin kai, Allah Ya jiƙansa, kuma ni na gado shi. Aka buga da ita.

Ranar da takardun suka fito sun yi kyau, wannan kam ba zan hana su ba. Na jera wasu a gefen faranti, duk wanda ya sayi ƙuli-ƙuli na miƙa masa. Baba ya sa farar rigarsa ya tsaya bakin kasuwar Sabon Gari yana rabawa, ya ba leburorin da ke tashi daga kanti, ya ba mahaya keke. Kwana uku muna tafiya da ƙafar alfahari. A rana ta huɗu na sayo ƙosai a hanya na shigo da shi zaure ina ci, ko lura ban yi da abin da aka ƙunsa min shi a ciki ba. Baba ya karɓi takardar, ashe ta tallarmu ce, mai ya jiƙe ta sharkaf har saman inda Bisimillar take. Bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba. Ya rufe keke da zane, ya ja ƙyauren zaure, ya ce, “Uwata, ɗauko buhu.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Kwana tara muna bin ƙasa. Wallahi ban taɓa gajiya irin wannan ba, kuma na haifi 'ya'ya bakwai. Muka tsinci takardun a bakin kwata, a ƙarƙashin teburan mahauta, a kan juji, wata an take ta da takalmi, wata akuya ta ci rabi. Mutanen Sabon Gari da yawa ba su san abin da ke rubuce ba, ba laifinsu ba ne, suna ta kallonmu kamar waɗanda suka zautu. Baban da ba ya bin ko layin gidan giya, sai ga shi durƙushe a ƙofarsa yana ɓanɓaro takarda daga laka. Azumi ya kama mu a haka, shi da bakin azumi, ni da buhu a ka. Ƙawayena na carafke a gindin darbejiya, ni ina wucewa da ƙafafu duk faso. Na yi kuka, na yi ƙunƙuni, Inna ma ta ce ai Allah Ya ga zuciya, a buɗe zaure a nemi na salla. Ko juyowa bai yi ba.

A rana ta tara da la'asar muka dawo, sai Malam Ado wanzami, maƙwabcinmu, ya tare mu. Ya ce, “Haba Malam, ina ka shiga ne? Kullum sai mutane sun zo da takardarka a hannu da yadi a hammata, su tarar da ƙofa a rufe, su wuce wajen telolin gaba.” Ashe tallar ta ci, mu ne ba ma nan. Baba ya ce, “Da suka juya, sun tafi da takardun ko sun yar?”

Ya ƙone abin da muka tara a kasko, ya binne tokar a bayan ɗaki. Lokacin da ya buɗe zaure masu ɗinkin salla duk sun riga sun kai wa wasu. Bayan salla da mako guda aka zo da amalanke aka ɗauki keken. Baba ya yi sauran rayuwarsa yana taka keken wani, bai kuma taɓa cewa ya yi nadama ba. Ni ce na daɗe ina jin haushinsa, har bayan na yi aure.

Yanzu jikata tana sayar da atamfa, a waya take tsara tallarta, ta sauya launi sau goma kafin in gama shan koko, ta tura wa mutanen da ba ta taɓa gani ba. Babu abin da ke faɗuwa ƙasa, babu mai sunkuyawa. Na kan kalle ta in yi murna, sai kuma in ji kewar mutumin da na yi shekaru ina ganin wautarsa. Ni dai ban sake ganin wanda ya rufe shagonsa saboda layi ɗaya mai sunan Allah ba.