Hannun Sani da na kai ɗori

Jiya a Dangora ƙanena Sani ya ɗauki kofin shayi da hannun dama, kofin ya suɓuce masa. Ya yi dariya, ni na kasa.

A shekarun casa'in injin niƙana ya datse masa jijiyar hannu. Na kai shi asibiti a Kano, aka yanko jijiya daga ƙafarsa aka dasa.

Likita ya ce min, "Alhaji, kamar dashen tumatir ne. Sai ta manne da naman wurin, jini ya ratsa ta, sannan ta kama. Kada a matse hannun."

Sati uku yatsu ba motsi. Ni da ban taɓa jiran kowa ba a rayuwata, na ɗauke shi sai gidan mai ɗori a Burumburum. Aka jera kara, aka ɗaure tamau.

Da muka koma, likita ya kwance ya duba.

"Dashen ya mutu. Wa ya sa aka ɗaure?"

Kafin in buɗe baki Sani ya ce, "Ni na matsa, likita. Yaya bai sani ba."

Sani tela ne. Bai sake riƙe almakashi ba, kuma bai taɓa tayar min da maganar ba.

Jama'a, ta ina ake fara neman gafarar wanda ya rufa maka asiri?