Ƙodar Bukar a Cikin Yayansa

Da wannan daminar shekara ashirin da biyar ke nan tun da aka fita da ɗan farina daga gidanmu na Dogo Tebo a kan makara. Bakina bai saba da sunansa ba, don uwa ba ta kiran ɗan fari. "Wannan yaron" nake ce masa har ya yi gemu ya aje iyali. Kasuwar shanu ta Potiskum kuwa da Alhaji Modu ta san shi. Yau zan faɗi sunan, tunda takarda ce za ta ɗauka. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne, 'yarsa Yagana tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko a inda na fito da muni.

'Ya'yana maza biyu ne, Modu da ƙanensa Bukar. Modu ke saye a kara, wato kasuwar shanun, ya dubi sa sau ɗaya ya faɗi abin da zai yi a mahauta. Bukar ke bin mota ya kai Kudu ya sayar. Kwano ɗaya suke ci tun suna yara, ko da kowa ya yi aure ba su raba ba.

Ba a daɗe da yanke mana jihar Yobe ba ƙafafun Modu suka soma kumbura. Muka ce sanyi ne, muka yi jiƙe-jiƙe, kumburi ya haura fuska. A Maiduguri aka ce ƙodojinsa biyu sun gaji. Aka shiga wankin ƙoda, yau hanya gobe hanya, har ya koma kamar kara. Daga baya likitoci suka ce in akwai ɗan'uwa na jini mai bayarwa, a Masar ana dasa wata. Ni ce na aika aka kira Bukar ɗakina. Ku riƙe wannan, ni ce. Ban gama kewaye-kewayena ba ya ce ai tun makon jiya ya je an ɗebi jininsa, kuma an ce ya dace. Garke ya tafi a kuɗin aiki, su ma suka tafi, suka dawo kowa da ɗinki a jikinsa.

Aka yi shekara biyu da 'yan watanni gidanmu yana dariya. Modu ya yi kumatu, ya koma cinikinsa a kara. A cikin wannan lokacin aka haifi Yagana. Kullum da safe yana haɗiyar magunguna, wai su ke kwantar da masu gadin jikinsa don kada su kori baƙuwar ƙoda. Yakan tsokani ƙanensa ya ce tun da aka sa masa kayan Bukar ya koyi rowa da son kilishi. Bukar ya ce in ba za a girmama shi ba, gobe zai zo da wuƙa ya karɓi abinsa.

Ana nan ana nan, wata rana na aika da tuwo zaure, kwano ya dawo an cinye gefe ɗaya tas, ɗaya gefen ko taɓawa ba a yi ba. Bukar yana Kudu a ranar, Modu kaɗai ya ci, kuma ya aiko wai a ƙaro, tuwo ya yi kaɗan. Na yi dariya. Bayan kwana biyu ya bugi ƙofa da kafaɗar hagu. A kara wani bijimi ya taho ta hagunsa, kowa ya watse, shi yana tsaye bai gani ba. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai. Duniyarsa ce kawai ta rabu biyu, rabi ya ɓace. Da Bukar ya dawo, shi ya gane dabarar: in yayansa ya cinye gefensa, sai ya juya masa kwanon a hankali yana jansa da hira, don kada ya ji kunya.

Muka yi rubutu, muka yi hayaƙi, muka yi sadaka. Hannun hagu ya mutu, ƙafa ta bi, harshe ya yi nauyi. Bukar ya sake ɗaukarsa zuwa Masar. Da suka dawo ya zaunar da ni a tsakar gida bayan la'asar, ya faɗa mini abin da aka faɗa masa, bai rage ba bai ƙara ba. An ɗauki hoton kan Modu, an ga wurare sun yi fari a ƙwaƙwalwa. Wata ƙwayar cuta ce mai kwanciya a ƙoda ta haura can. Ba ta da magani. An rage masa magungunan safe ko jiki zai farka ya yi faɗa, amma an ce kada mu sa rai.

A duk wannan bayanin kalma ɗaya ta zauna mini a kai: ƙoda. Na haɗiye ta, ta yi ta girma a cikina wata huɗu, har safiyar da Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku ɗakina cike da mata, Bukar ya shigo ya durƙusa zai gaishe ni. Na dube shi na ce, "Da ka bar mini shi da ciwonsa. Abin da ka ba shi ne ya cinye shi."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna." Ya tashi ya fita.

Kafin magariba maganar ta kai har unguwar Yindiski. Bayan arba'in ya kwashe iyalinsa ya koma Legas. Tun daga ranar bai bar gidan nan da yunwa ba, shi ya riƙe marayun yayansa, shi ya yi wa Yagana karatu har ta zama ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini. Yakan zo da Sallah, ya gaishe ni daga bakin ƙofa. Ba ya hawa tabarmata, ba ya cin tuwona. An ce mini a rumfar mai shayi ta bakin titi yake karyawa kafin ya shigo. Na san na yi ɓarna tun ban huce takaicin ba, amma a can ƙasan zuciyata ina cewa, to in gaskiya na faɗa fa? Wannan tambayar ce ta ɗaure mini baki.

Bara Yagana ta buɗe adakar ubanta ta fito da takardun Masar. Ta kwana biyu tana dubawa, ta kai wa wani likita a wurin aikinsu, sannan ta zo ta zauna gabana. Ta ce wannan ƙwayar yawancin mutane suna ɗauke da ita tun yarinta, tana kwance a ƙoda, ba ta cutar da kowa, mai ita ya tsufa ya mutu bai san da ita ba. Sai in masu gadin jiki sun yi barci, sannan take hayayyafa, a wajen hayayyafar kuma tana sauya halittarta. Da ta ga ban gane ba sai ta ɗauko faifan da nake saƙawa. Ta ce in ɗauka an warware zane ɗaya a nan, an maimaita wani sau biyu a can. Kaba ɗaya ce, amma faifan ya zama wani. Wadda ke ƙoda saƙarta daban, wadda ake samu a ƙwaƙwalwa daban, kuma a jikin majinyacin take yin wannan sauyin.

Na ce to ta waye, ta Modu ce ko ta Bukar?

Ta ce, "Kaka, ba wanda zai iya rantsewa. Wataƙila Baba yana da tasa tun yana goye a bayanki. Wataƙila ke ma kina da ita yanzu. Abin da na sani, ba don wannan ƙodar ba da ba a haife ni ba."

Nakan zauna in ce da Modu zai leƙo garin nan yau, me zai ce? Zai ga Keke Napep sun cika titi, zai ga ana cinikin sa ta hoton waya ba a taɓa tozonsa ba, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Zai ji cewa har yanzu cutar da ta ɗauke shi ba ta da tabbataccen magani, ya ce haka Allah ya so. Amma in ya ga ƙanensa da furfura yana tsaye a bakin ƙofar uwarsu kamar baƙo, ban san inda zan sa fuskata ba.

Na gwada faɗa wa Bukar ta waya, gaisuwa ce ke cinye maganar, sai ya ce a gaida gida ya kashe. Kuma a gaban jama'a na yi ɓarnar, a gaban jama'a ya kamata in janye. Shi ya sa na ce a buga wannan a jarida, an ce mini yana sayenta. Matan da suka ji ni a ranar, waɗanda ke raye, su ji: ƙarya na yi wa ɗana.

Na auna abin da ya rage na Modu. Wurin zamansa a kara wani ya gaje, masu tuna sunansa sun ƙare saura kaɗan. 'Ya'yansa sun rage, da jikoki. Sai kuma abu ɗaya da ban taɓa ba kowa ba, don ba nawa ba ne, na mai shi ne na danne.

Bukar, kwana tara kafin rasuwar yayanka kana kasuwa kana loda shanu. Ina ba shi kunu, ya riƙe zanena da hannun da ya rage masa, ya yi ta fama da harshensa har maganar ta fito. Bayan ita bai sake haɗa wata magana ba. Cewa ya yi, "Inna, ki hana Bukar kama igiyar manyan shanu. Ƙoda ɗaya gare shi."

Na isar. Ka yafe mini jinkirin.