Fumfuna a Cinyar Ƙanena

Akwai wata damina a zamanin Nasara da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ina lakwal, wato makarantar boko, a Magariya lokacin, na zo hutu Dancawo, na iske ƙanena ɗan yaye da kumburi a cinya, mai tauri kamar itace. Ba zazzaɓi, ba kuka. Yana cin tuwonsa yana dariya, kumburin kuwa yana hawa zuwa ƙugu a hankali.

Wanzami ya tsaga, bai sami mugunya ba. Aka jira kurkunu, bai leƙo ba. Sai muka ɗora shi a jaki, ni da kakarmu, muka nufi Magariya.

Likitan Nasara ya daɗe yana latsa wurin. Ya yanki ɗan nama ya aika nesa, ya ce mu koma. Da amsa ta zo, ni na yi tafinta: fumfuna ce ke tsiro a cikin naman yaron. Ya ce bai taɓa ganin irinta ba, balle ga yaro ƙosasshe da babu wata cutar da ta raunana shi. In ba ta sauka ba kafin kaka, sai a yanke ƙafar.

"Fumfuna?" in ji kakarmu. "Ke 'yar nan, tambaye shi, jikan nawa ɗumame ne?"

Na tambaya. Bai yi dariya ba. Ya ba mu wani ruwa mai ɗaci, a riƙa ɗiga wa yaron a nono.

A gidanmu, abin da ya yi fumfuna shanya shi ake yi. Don haka kowace hantsi kakarmu ta shimfiɗa tabarma kusa da shanyar kuɓewa, ta kwantar da ƙanena, cinya a rana. Na ce, "Kaka, ba haka likita ya ce ba."

"Ya ce kar a yi?"

Na bar ta ta ci gaba. Ina ɗiga magani, tana juya yaron, ni kuwa ina kallon gizagizai ina tunanin yadda abu zai tsiro a jikin mai rai.

Gero na fidda kai kumburin ya fara laushi. Ba a yanke ƙafar ba, sai ɗan ɗingishi da ya rage masa. Na san maganin ne ya yi aiki, amma ta inda cutar ta shiga, har yau ba wanda ya gaya mini.

Abin da na koya shi ne, mutum na iya rasa gane ciwo, amma kada ya daina jinya.