Jan Motar Yaya Daga Tsafe

Bayan rasuwar yayana, bas ɗinsa ta daɗe a garejin wani bakanike a Tsafe. A can injinta ya buga, kafin Yaya ya kwanta ciwon da bai tashi ba, kuma babu wanda ya sake bi ta kanta. Sai da matarsa ta fita takaba ta kira ni a waya.

"Malam, yara sun dame ni da tambayar motar babansu. Ko ba ta tashi, a kawo ta gida mu riƙa ganinta."

Na ce to. Ni ne mai a-kori-kura a danginmu, irin mai ƙofa huɗun nan, da ita nake kwaso hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Gusau. Jan mota ba baƙon abu ba ne a wurina, sai dai duk jan da na taɓa yi, da Yaya na yi shi. Ni a gaba, shi a motar da ake ja, riƙe da sitiyari. In na fito da hannu ta taga ya san zan rage gudu, kafin in taɓa birki ya riga ya taɓa nasa. Sarƙa ba ta taɓa saki ta fizge mu ba.

Na nemi wanda zai raka ni ban samu ba. Wannan yana da kasuwa, wancan ya ce hanyar Tsafe yanzu ba ta tafiyar hawainiya ba ce. Ban ga laifinsu ba. Da hantsi na bar gidana da ke Damba, a bakin Gusau, ni kaɗai.

Na iske bas ɗin ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ganye ya cika gilashinta. A ciki akwai buhunan takin zamani da Yaya ya sayo don gonarsa, sun daskare kamar dutse, ga hularsa ta aiki a kan kujera. Bakaniken ya yi mini ta'aziyya, sannan ya jawo sarƙa.

"Ɗaura kawai, Alhaji. Wagga mota taka ko tirela ta ja."

Na ce masa ja ba shi ne damuwata ba, tsayawa ce. Kowace mota akwai iyakar nauyin da masu ƙera ta suka ce ta ja, kuma bas ɗin ko babu kaya ta kusa kai iyakar tawa. Muka sauke buhunan. Ya ce a zuba su a bayan motata, na ce duk ɗaya ne, birkina ne dai zai tsayar da su, su jira wata rana. Sarƙar ma na ƙi. Motar da injinta ba ya aiki birkinta tauri yake yi, in ta kwaso gangara sai dai ta tsaya a jikina. Na sa ya nemo sandar ƙarfe, muka ɗaure ta gaba da baya a jikin ƙarfen motar, na bi kowane ƙusa da hannuna. Muka ƙara wa tayoyi iska, na ɗaura jan ƙyalle a baya.

Saura mai riƙe sitiyari. Wani dattijon direba da ya daina aiki, yake wuni a garejin, ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce zai shiga.

Muka kama hanya a ƙaramin giya. Motoci suna zuwa su wuce, wasu da hon, wasu fasinjojinsu suna leƙenmu. Wajen dutsen Kwatarkwashi na ga allurar zafin inji ta fara hawa. Na fito da hannu kamar yadda na saba, na dubi madubi. Dattijon ne zaune, ya ƙanƙame sitiyari, idonsa a kan sandar ƙarfen. Na san shi zan gani, amma Yaya idona ya nema.

Muka gangara gefen titi muna jiran inji ya huce. Dattijon ya tsuguna a inuwar bas ɗin, ya ce Yaya ne ke saya musu shayi duk ranar kasuwa, kuma ya iya kwaikwayon muryar kowa a tasha har mutane su riƙe ciki. Ban taɓa jin Yaya ya kwaikwayi kowa ba. A gida mutum ne mai shiru. Na tashi na je duba inji.

Cikin Gusau ne na fi shan wuya, don 'yan kabu-kabu sai neman kutsawa tsakanin motocin biyu suke. Tun daga nesa nake fara taka birki, kwana kuwa sai na buɗe sosai. Bayan la'asar muka shiga Bungudu, inda gidan Yaya yake.

Yaran suka fito da gudu suna ihu, da motar ta tsaya kuma duk suka kewaye ta. Uwarsu ta leƙo daga zaure, ta yi mana sannu da hanya, ta koma ciki. Muka tura bas ɗin gindin katanga, na sa duwatsu a tayoyinta. An kawo mana fura, dattijon ya sha, na kai shi tasha ya hau motar Tsafe.

Har yau tana nan inda muka aje ta. An zo taya ta, matar Yaya ta ce tukuna. In na je ranar Juma'a nakan iske yaran a ciki suna yin aikin makaranta, babbar a gaba, ƙananan a kujerun baya. Nakan zauna a bakin ƙofar motar har su gama.