Rafin da Ka Ce Kada a Sha

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Yaya, ranar Talata tara ga wata, bayan la'asar, rai ya yi halinsa, saura kwana ashirin ka tsaya gaban kwamitin ruwa.

Na daɗe ina ɗaukar aikinka shirme: ƙato da digiri, tsugune bakin rafi yana cika kwalabe. Wata rana ka kai ni gindin dutsen nan da ya yi aman wuta tun kafin kakannin kakanninmu, ka miƙo min kofi biyu, ɗaya daga rafin gabas, ɗaya daga na yamma. Ruwan ɗaya ya ɗan yi duhu, ɗayan garau. Na ɗauki mai hasken.

"Haka kika zaɓi miji ma," ka ce.

Sannan ka yi min bayani. Ruwan sama yana da ɗan tsami, yana cin dutse a hankali, abin da ya ci kuma da shi yake gangarowa. Rafin gabas ta baƙin dutse yake bi, ya kwaso abin da ke gina ƙashi. Na yamma, mai hasken da na ɗauka, tsohuwar toka yake ratsawa, ya kwaso sinadarin da ke rina haƙora, ya sandarar da gwiwa. Na tambaye ka yadda dutse ɗaya ya haifi 'ya'ya biyu masu hali dabam haka. Ka ce, "Ni da ke fa?"

Ban gama tambaya ba, Yaya. Me ya sa sinadarin yake ƙaruwa da rani? Shekara nawa ruwa ke yi kafin ya cinye dutse kamar dunƙulen hannu? Ka ce in jira ka auna kwalaben bana. Suna nan kan kanta, kowacce da kwanan watanta.

'Yan kwamitin sun zo gaisuwa. Shugabansu ya yabe ka har da share ido, ya juya yana gaya wa na kusa da shi cewa daga rafin yamma za a ja famfo, wai ya fi haske, ya fi kusa. A kan tabarmar makokinka! Shekara goma sha bakwai kana aika musu rahoto, ashe ko buɗewa ba sa yi.

Ni tarihi nake koyarwa, ban san awon ruwa ba. Amma na iya karatu, kuma matarka ta damƙa min littattafanka. Ranar zaman zan je da mata uku da suka girma a bakin rafin yamma. Ba sai sun yi magana ba, haƙoransu kawai za su nuna.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka huɗu. Allah Ya ba su haƙuri. Ni kam Ya ajiye min nawa sai bayan zaman kwamiti.