Labulen Banɗakin Alhaji Tanko

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da ruwa ya sanya shi abin tsarkakewa, ya kuma fito da rana domin ta busar da abin da ruwa ya jiƙa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa shiga banɗakin marigayi Alhaji Tanko, mijin yayata Asabe, a gidansa da ke bayan tashar jirgin ƙasa a nan Kafanchan, ya san tambayar da ke jiransa a bakin ƙofa. Ba a yi maka sannu da fitowa. Za ka tarar da shi tsaye, hannuwa a baya, hanci a sama kamar mai neman gidan da tuwo ya ƙone, ya ce: "Ka baje shi?"

Labulen wanka yake nufi. Dokarsa ita ce in ka gama, ka ja labulen nan har ƙarshen sandarsa, kada ka bar masa ninki ko ɗaya, ka buɗe taga, ka bar ƙofa a wangale. In ka tambayi dalili sai ya ce: "Ruwa ya gama aikinsa, a sallame shi." Da idona na ga limamin unguwarmu, mutumin da ake miƙewa tsaye in ya shigo, ya koma ciki da sassarfa, babbar riga a kafaɗa, saboda ya manta taga. Da ya fito ya matso kusa da ni ya raɗa mini: "Malam, wallahi tambayar surukin nan naka ta tuna mini da ta kabari."

Kun sha yi masa dariya, ni ma na yi. Amma ba kowa ya san inda tsoron ya samo asali ba.

Da can a makewayin bayan gida suke wanka, wanda ba shi da rufi, rana ta shiga ta yi shara ta fita. Sai ɗansu Nasiru, da ke aiki a Kaduna, ya gina musu banɗaki a cikin ɗaki, da tayil da shawa, ya rataya labulen leda shuɗi mai hoton kifaye. To, ku kun san daminar garin nan. Hadari ya sauko daga duwatsun Kagoro ya zauna kamar baƙon da ba ya da niyyar tafiya, wanki ya ƙi bushewa, takalmin da aka manta a ƙarƙashin gado ya fito da gemu. Yaya Asabe kuwa tana da ciwon asma tun ƙuruciyarmu, ya daɗe da kwantawa. A wannan daminar ya farka. Ta fito daga wanka ƙirjinta yana fito kamar usur. Wata rana bayan la'asar numfashin ya ƙi shiga gaba ɗaya, leɓɓanta suka yi duhu, aka ɗauke ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Alhaji, wanda ya ƙare ƙarfinsa cikin injinan jirgin ƙasa ba a taɓa ganin ya razana ba, ranar nan ya kasa ɗaure mazagin wandonsa. Ni na ɗaure masa.

Da aka sallamo ta, ya kira ni ya kai ni banɗakin, ya nuna mini gindin labulen da tsinin sandar hannunsa. Wasu baƙaƙen ɗigo ne birjik, sun bi ninki sun hau sama.

Ya ce, "Malam, shekaranjiya ba su kai wutsiyar kifin nan ba. Tafiya suke yi. Ka san mazauna irin wannan wuri. Yi abin da ka iya."

Na yi addu'ar da ta sawwaƙa, domin addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Sai dai hancina yana gaya mini warin nan na san shi, irin na rumbun da ruwa ya shiga ne. Muna tsaye sai ga maƙwabciyarsu Madam Rifkatu, 'yar Manchok, tsohuwar nas, ta zo duba mara lafiya. Ta leƙa, ta kama gefen labulen da yatsu biyu.

Ta ce, "Baba, wannan ba aljani ba ne, fumfuna ne. Mama yana shaƙa shi kullum, shi ne yana kama mata ƙirji. Ka wanke da ruwan khal, mai tsami ɗin nan, ka shanya, ka buɗe windo. In labule ya kwana da ruwa a ninke, zai dawo."

Alhaji ya juyo gare ni. "Da ma aljanin ne, Malam. Shi kana da maganinsa. Wannan kuwa ni aka bar wa."

Daga ranar ya ɗaura yaƙi. Kowace Alhamis sai ya sauke labulen, ya jiƙa shi a ruwan ɗumi da khal, ya bi shi da buroshi kifi bayan kifi, ya fita tsakar gida yana farautar rana. In ta leƙo ta gabas ya kai igiya gabas, in ta koma bayan bishiyar mangwaro ya bi ta can, yana yi mata magana kamar wadda ta yi masa alkawari ta saɓa.

Da ya ga jikoki da baƙi ba sa jin tsoron dokarsa yadda yake so, sai ya zo zaurena neman fatawa. Ya zauna, ya gyara hula.

"Malam, fumfuna najasa ce ko?"

Na ce, "Alhaji, na bi babin tsarki tun ina saurayi, malamai sun jera najasa sun gama, ban gan ta a ciki ba."

"Duba da kyau. Wataƙila tana can gefen shafi, inda rubutu ke ƙanana."

"Ba ta nan. Amma abu ne mai cutarwa, kuma shari'a ta wajabta kawar da cuta, ko da abin ba najasa ba ne."

"Wato ko najasa ba ta kai mutum asibiti, ita kuwa tana kaiwa?"

"Ta wannan fuskar, haka ne."

Ya miƙe ya karkaɗe riga. Kafin magariba labari ya game unguwa: Malam ya ce fumfuna ta fi najasa! Na yi ta bin mutane ina gyarawa, a masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a gaban mai nama. Ina! Fatawar da ban bayar ba ta fi duk waɗanda na bayar karɓuwa.

Sai kuma maganar almakashi. Madam Rifkatu ta gaya masa kada gindin labulen ya riƙa jan ƙasa yana shan ruwa, ya rage masa tsawo kaɗan. Ta ce kaɗan. Alhaji kuwa duk ɗigon da ya ƙi fita da buroshi, sai ya ɗauko almakashi ya yanke layin gaba ɗaya. Nasiru ya sha cewa zai aiko da sabo, yana cewa, "Wannan ɗin ya mutu ne? Kifayen sama ba abin da ya same su." Labule ya tashi daga idon sawu ya koma ƙwauri, daga ƙwauri ya kama hanyar gwiwa. Ranar da ya sake ɗauko almakashin, Yaya Asabe ta tare ƙofa.

"Alhaji, labule Nasiru ya sayo mana ko ɗankwali?"

"Asabe, numfashinki nake karewa."

"To ka bar mini abin da zai kare sauran jikin!"

Ya mayar da almakashin, amma bai mayar da shi nesa ba.

Akwai kuma ranar da zai je Kaduna ganin jika. Ya yi sammako ya yi wanka a gaggauce ya shiga mota. Suna isa Kasuwan Magani sai ya tuna wani abu. Ya kira Yaya Asabe, ashe ta tafi barka gidan haihuwa ta bar waya a ɗaki. Ni kuma ina zaure, manyan ɗalibai sun kewaye ni, muna tsakiyar babin gado, sai wayata ta yi ƙara.

"Malam, ajiye littafin."

"Innalillahi! Haɗari kuka yi?"

"Ya fi haka. Na bar shi a tattare. Taga ma a rufe."

"Alhaji, rabon gado muke yi."

"Matattu za su jira, Malam. Makulli yana ƙarƙashin turmi."

A bayansa ina jin direba yana ihu: "Baba, ka shiga ko mu tafi!" Shi kuma yana ce masa ko dai a jira Malam ya tabbatar, ko a sauke masa jakarsa ya koma Kafanchan. Haka na bar 'ya'ya da matan mamacin da ke cikin darasinmu ba a raba musu komai ba, na ratsa unguwa da rawanina, na baje labule, na buɗe taga, na kira shi. Sai da ya sa na kaɗa ledar a bakin waya ya ji ƙararta, sannan ya ce wa direba, "Bismillah, mu je."

Ciwon ajalinsa ya zo a tsakiyar damina. Na je duba shi da hantsi, ana yayyafi. Ya sa aka fita aka bar mu, ya kama hannuna.

"Malam, ina jin tsoro."

Na fara tuna masa yalwar rahamar Ubangiji. Ya girgiza kai.

"Wannan tsakanina da Shi ne, kuma ina kyautata zato. Takaba nake tsoro. Asabe ba za ta bar gidan nan ba sai ta gama, ga ruwa bai ɗauke ba. Mata za su cika ɗaki, kowace ta yi wanka, ba wadda za ta baje. Ni kuwa ina kwance ba ni da bakin tambaya."

Na yi masa alkawari. Allah ya karɓi abinsa kafin Juma'a ta zagayo, da kalmar shahada a bakinsa.

Abin da ya faɗa kuwa haka ya faru, har da ƙari. Dangi suka zo daga Kujama da Kasuwan Magani, gida ya cika, banɗaki bai huta ba. Mu maza muna waje muna karɓar gaisuwa, hankalina ya tafi ga baƙi. A ciki kuma ƙanwar Alhaji, Goggo Lami, saboda tausayi, ta ce mai ciwon ƙirji ba ta son sanyi. Ta sa aka rufe tagogi duka, aka toshe kafofinsu da tsumma, aka ja ƙofar banɗaki aka rufe ruf.

Ana cikin zaman makoki, wata rana bayan azahar, ina zaure na ji sautin da na sani. Usur ɗin nan. Jama'a, na tsufa, na wanke gawa ba adadi, amma ban taɓa firgita kamar ranar ba. Na kutsa cikin mata ko sallama ban ƙarasa ba. Yaya Asabe tana dafe da gado, idanu waje, tana jan iska iskar ba ta zuwa. Madam Rifkatu ta riga ni, tana riƙe mata abin shaƙa a baki tana cewa, "Mama, ja a hankali, ja, Yesu na, ja!" Ɗakin kuwa warin rumbu.

Na tura ƙofar banɗaki. Ga labulen can a tattare gefe guda, sharkaf, baƙaƙen ɗigo sun bi ninki sun kusa cimma kifayen sama. Na tuɓe rawani na rataya a ƙusa, na naɗe hannun riga, na fizge tsummokaran, na bi tagogi ina bankaɗewa.

Goggo Lami ta yi kururuwa: "Malam, sanyi zai kashe ta!"

Kafin in buɗe baki wata tsohuwa daga bayan ɗaki ta ce, "Ke Lami, bar shi! Ba ki ji ba? Shi da kansa ya ce abin nan ya fi najasa!"

Wannan ne karo na farko da na ji maganar ban tsaya gyara ta ba. Gyaran ya jira har washegari, na kuwa yi shi.

Aka fito da Yaya Asabe baranda inda iska ke kaɗawa. A hankali usur ɗin ya yi ƙasa, launin leɓɓanta ya dawo. Ni kuma ina tsakar gida a durƙushe gaban baho, da buroshin Alhaji a hannuna, masu ta'aziyya suna wucewa suna sunkuyar da kai kamar ba su gan ni ba. Wani ɗigo ya ƙi fita. Na ɗaga kai na ce a miƙo mini almakashi. Sai na ji muryarta, siririya, tana fita da ƙyar:

"Kai ma? Ajiye shi. In ka ƙara yankewa ko kifi ba zai samu wurin ɓuya ba."

Matan da suka zo kuka suka fashe da dariya, ita ma ta yi, har Madam Rifkatu ta tsawata mata kada ta tayar da tarin.

Nasiru ya rataya sabon labule a ranar. Tsohon, da ya bushe sarai, ta ninke shi ta sa a akwatinta. Har ta fita takaba kullum bayan la'asar nakan shiga in duba da idona, ciwon bai sake tashi ba, alhamdulillahi. Yanzu kuma in na je gaishe ta na shiga kama ruwa, ina fitowa zan same ta a bakin ƙofa, hannuwa a baya.

"Malam, ka baje shi?"

Ya Allah, bawanka Tanko ya ji tsoro saboda numfashin matarsa, ka amintar da shi daga dukkan tsoro. Ka sawwaƙe masa tambaya, shi da ya tsananta mana tasa. Ka gafarta masa fatawar da ya jingina mini, ni na yafe. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka buɗe masa taga daga Aljanna, iskarta ta riƙa shigo masa har ranar tashi. Amin.