Inna Ba Ta Kiran Sunan 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka na girma ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. A cikin birnin Zariya wannan ba abin mamaki ba ne, uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Sai dai Inna ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa a unguwarmu. In tana son in ɗebo ruwa, randa take kallo ta ce, "Wai gidan nan babu mai ido ne?" In na kwanta zazzaɓi, Gwaggo, yayar Babanmu, take turowa ta taɓa goshina, ita kuwa tana can tana tankaɗe kamar 'yar maƙwabta ce ba lafiya.

Haihuwata ta fari aiki aka yi mini. Jinina ya hau, na fara jijjiga, aka kwashe ni ban san inda kaina yake ba. Na farka da ɗinki a mara da jaririya a gefe. Ranar suna wata 'yar uwar Babanmu ta dube ni ta ce, "Ke ai ba ki haihu ba, ciro miki aka yi kina barci." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma shekara uku maganar tana ci na.

Da na samu ciki na biyu na ƙudurta sai na haihu da kaina ko ana ha-maza-ha-mata. Likitar da nake zuwa awo wurinta ta ce yana yiwuwa bayan aiki, amma a asibiti, ba a ɗaki ba, kuma sai in jinin ya zauna lafiya. Ta rubuta mini wata 'yar ƙwaya ta kullum, ta ce mu sayi na'urar awon jini, in riƙa rubuta abin da ta nuna. In na ji ciwon kai mai tsanani, ko na fara gani dishi-dishi, ko fuska da hannu suka kumbura, in taho ko ban sa takalmi ba. Ni dai "yana yiwuwa" kawai na ji.

A wata na takwas maigidana ya ce in koma gidanmu, tunda shi a ofis yake wuni. Na'urar ta faɗa hannun Gwaggo, ta auna kowa, har mai kawo mana nono ba ta tsira ba. Inna ta ce shirme ne, amma kullum sai ta tambayi Gwaggo, "Me abin nan ya ce yau?"

"A kan wa?"

"A kan kowa ma."

Ni kuwa malamar firamare ce, na saba taimakon ɗalibi da maki. Duk ranar da lambar ta haura, sai in rage mata a littafi. Zobena sai da sabulu ya fita, silifas ɗin Baba na koma sawa, ciwon kai kuma na ce rana ce.

Wata Talata da hantsi Gwaggo ta tafi ta'aziyya Gyallesu, aka bar ni da Inna. Ina tsintar shinkafa a faifai, wasu 'yan taurari suna gilmawa a idona. Ashe shinkafar nake zubar wa kaji, tsakuwar nake bari. Inna ta daɗe tana kallo, ga shi babu wanda za ta aika. Sai ta dubi turmi ta ce, "Wasu mutane fuskarsu ta tashi kamar alkubus."

Na ce wa turmin, "A gaya wa wasu mutane lafiyata ƙalau."

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi biyu, ta jefa mini ɗaya, ta fita da kanta ta taro a-daidaita-sahu, matar da ko ƙofar zaure ba ta leƙawa sai da dalili.

A asibiti likita ta auna ni sau biyu, ta duba fitsari, ta buɗe littafina, ta dube ni yadda nake duban ɗalibin da ya yi satar amsa. Aka yi mini allurar hana jijjiga. Ta ce jira ya ƙare, kuma ba za ta tayar mini da naƙuda a kan tsohon ɗinki ba, aiki za a yi yau. Na fashe da kuka, na ce a ba ni ko kwana biyu ne, za su sake cewa ban haihu ba. Tsoron bakin mata ya fi mini tsoron mutuwa, har yau ina jin kunyar wannan.

Likita ta juya ta ce, "Hajiya, mece ce ke a wurinta?"

Na san amsar, tun ina ƙarama nake jin ta: 'yar gidanmu ce.

Inna ta ce, "'Yata ce. Ita na fara haifa."

Sannan ta kama kumburarren hannuna ta kira sunana, cikakke, kamar kullum take faɗarsa. Ta ce, "Bakwai na haifa a ɗaki, babu wanda ya ba ni ko goro a kai. Su faɗi abin da za su faɗa. Ni ke nake so ki fito."

Kukana ya tsaya cak. Kafin maigidana ya iso ya sa hannu a takarda, na riga na ce a yi.

Namiji aka ciro. Da muka dawo gida Gwaggo ta dama kunun kanwa na masu jego, Inna ta ɗauke ƙwaryar ta ce likita ta hana, suka yi ta yi har la'asar. Sunan nawa kuwa ba ta sake kira ba, yaron yanzu yana aji uku. Washegarin dawowarmu ta dubi randa ta ce, "A gaya wa wasu mutane lokacin shan magani ya yi."

Na tashi na sha.